Yadda ake zaɓen harsashin ƙaramar bindiga don kwana a dazukan beyar na Amurka

A jihohin Alaska da Montana da Wyoming da Idaho, duk wanda ya yi niyyar ɗaukar tanti ya je ya kwana a daji sai ya yi tunanin beyar. Dabba ce mai gashi da manyan farata. Namijin irin wadda ake kira girizili, a cikin tsaunuka, yakan kai kilo 200 zuwa 300, wanda kuma yake bakin teku yana ƙoshi da kifi, irin na tsibirin Kodiak, yakan haura kilo 500. Duk da wannan jiki tana gudun kusan kilomita 55 a awa, wato mita 15 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa da yawa daga masu yada zango a can suke rataya ƙaramar bindiga a ƙirji. Abin da ke damuna shi ne, mutum zai yi makonni yana bincike kan bindigar da zai saya, ya kashe kuɗi masu yawa, sa'an nan ya ɗura mata harsashin da ya tarar a gida, wanda aka ƙera don wani aiki dabam.

Aikin harsashin daji shi ne ya huda gashi da fata da kitse da nama da ƙashi, ya miƙe bai karkace ba, har ya isa wurin da zai tsayar da dabba. Wanda ya dace da kai kuwa shi ne mafi nauyi da tauri daga cikin waɗanda bindigarka take ci ba ta cije ba, hannunka kuma yake iya mayar da ita kan saiti da sauri bayan harbin farko. Duk matakan da ke tafe, wannan suke bi.

## Fara da doka

Wanda ya shiga Amurka da bizar ziyara ko ta karatu, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya faɗa cikin 'yan togaciyar da aka yi, kamar wanda yake da lasisin farauta na wata jiha. 'Yan uwanmu ɗalibai su lura da wannan sosai, domin laifi ne da yake iya jawo ɗauri da kora. Shago mai lasisi ba ya sayar da harsashin ƙaramar bindiga ga wanda bai kai shekara 21 ba, kuma jihohi irin su Kalifoniya da New York suna bincikar mai saye kafin a miƙa masa ko da kwali ɗaya.

Tun 22 ga Fabrairu 2010 aka halatta shiga manyan gandun dajin tarayya, irin su Yellowstone da Glacier, da bindiga, muddin dokar jihar da gandun yake ta yarda mutum ya riƙe ta. Amma riƙewa dabam, harbawa dabam: harbi a cikin gandun haramun ne, kuma ba a shiga da bindiga cikin gine-ginen gwamnati kamar ofishin baƙi. Kanada ta fi tsanani. Baƙo ba zai tsallaka iyaka da fistol, wato ƙaramar bindiga mai gidan harsashi a cikin mariƙi, da sunan kare kai daga dabba ba, kuma hanyar mota zuwa Alaska ta cikin Kanada take bi. Mai karatu da ke Najeriya kuma ya sani cewa dokar bindigogi ta 1959 ta sa fistol da libarba, wato ƙaramar bindiga mai gangar harsashi da ke juyawa, cikin jerin makaman da ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa, don haka wannan jagora ba ta mai zuwa Yankari ba ce.

## Ka san dabbar da ke wurin

Kafin ka je shago, ka kira ofishin masu gadin dajin da za ka je, ko hukumar namun daji ta jihar, ka tambayi abin da ake gani a wannan lokacin. Amsar ita ce rabin zaɓenka.

Girizili tana Alaska da yankin Yellowstone da arewa maso yammacin Montana da wasu sassan Idaho. Baƙar beyar ta fi yaɗuwa, tana yawancin jihohi, ta fi ƙanƙanta kuma ta fi tsoron mutum. Akwai zakin dutse, wanda jikinsa bai cika wuce na babban mutum ba, fatarsa kuma ba ta da kauri. A Texas da jihohin kudu aladun daji ne matsala. Sai mus, wata ƙatuwar dabba dangin barewa mai faffaɗan ƙaho, wadda hukumar namun daji ta Alaska take cewa tana raunata mutane a jihar fiye da beyar. Ita mus gudu ake yi mata a laɓe bayan itace. A Yellowstone kuma ɓaunar Amurka ce ta fi kowace dabba ji wa mutane rauni, kuma maganinta nisa ne, ba harsashi ba.

Idan girizili tana wurin, don ita za ka zaɓa, abin da ya isa gare ta ya isa ga sauran. Idan babu ita, kana da sarari.

Ga wata magana da ba zan wuce ba, ko da yake jagorar ta harsashi ce. Tom Smith na Jami'ar Brigham Young da Stephen Herrero na Jami'ar Calgary, da abokan aikinsu, sun bi diddigin arangamar mutane da beyar a Alaska. A binciken da suka fitar a 2008 kan feshin barkono, sun ga ya tsayar da girizili a kashi 92 cikin ɗari na lokutan da aka fesa, kuma kashi 98 cikin ɗari na mutanen da ke ɗauke da shi sun tsira ba rauni. A 2012 suka fitar da na bindiga, daga arangama 269 tsakanin 1883 da 2009: ƙaramar bindiga ta yi nasara a kashi 84 cikin ɗari, doguwa a kashi 76. Binciken biyu ba da ma'auni ɗaya aka yi su ba, don haka kada a jera alƙaluman a ce an gama hukunci. Abin da ni na ɗauka daga ciki shi ne, gwangwanin feshi shi ne na farko a hannu, bindiga ta biyo baya don ranar da iska ta juyo da feshin, ko dabbar ta keta shi, ko ta shigo tanti da dare. Ka nemi gwangwanin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi wa rajista, mai nauyin giram 225 ko fiye. Gandun Yosemite ya hana shiga da shi, sai a kiyaye.

## Ƙirar harsashi ta fi girmansa muhimmanci

A nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan daɗe.

Harsashin da 'yan sanda da masu tsaron gida suke amfani da shi mai rami ne a baki. A kwali ana rubuta JHP. Da ya shiga jiki sai bakin ya buɗe ya faɗaɗa, ya rage gudu ya tsaya. Da gangan aka yi shi haka. Bayan musayar wuta tsakanin jami'anta da 'yan fashi a birnin Miami a 1986, hukumar FBI ta kafa ma'auni cewa harsashi ya nutse inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren abu da ake kwaikwayon nama da shi, wato santimita 30 zuwa 46, kuma kamfanoni suka riƙa ƙera nasu don su tsaya a wannan iyaka, kada su fita su sami wani a baya. To, dabbar da ta taho maka gaba da gaba, kanta a ƙasa, abin da ke fuskantarka shi ne ƙoƙon kai mai gangare, da kafaɗu masu kaurin ƙashi, da jiƙaƙƙen gashi, da kitsen da ta tara musamman a ƙarshen kaka kafin ta shiga rami barcin hunturu. Harsashin da ya buɗe tun a kan fata yana iya ƙarewa a cikin kafaɗa bai isa ko'ina ba. Ya ji mata ciwo, bai tsayar da ita ba.

Wani zai ce to a ɗauki na atisaye mai arha, wanda aka lulluɓe da jan ƙarfe, mai zagayayyen baki, wanda ake rubuta wa FMJ. Yana nutsewa kam. Amma zagayayyen baki yana iya zamewa a kan ƙashi mai gangare, yakan juya a cikin nama ya bar hanya, kuma ramin da yake bari siriri ne domin ture nama yake yi gefe, ba yanka shi ba. Dalmar da ke cikinsa ma mai taushi ce. In babu wani zaɓi, mai lulluɓi mai shimfiɗaɗɗen baki ya fi mai zagayayye.

Abin da masu jagorar farauta da mazauna Alaska suka daɗe da yarda da shi shi ne dalma mai tauri mai shimfiɗaɗɗen baki. A kwali za ka ga Hard Cast, tare da haruffa irin su FN ko WFN ko LFN. Ana narka dalma ne a gauraya ta da kuza da antimoni, wani lokaci a tsoma ta a ruwa tun da zafinta don ta ƙara tauri. Tsantsar dalma a ma'aunin Brinell tana wajen 5, wannan kuwa tana kai 18 zuwa 22. Ba ta buɗewa, ba ta cika sauya siffa ba ko ta haɗu da ƙashi. Shimfiɗaɗɗen bakin yana yin aiki uku: yana kama ƙashi maimakon ya zame, yana yanka rami mai faɗi, yana kuma taimaka wa harsashin ya tafi a miƙe. Kamar ƙusa ce da aka buga a katako, in ta lanƙwashe tun a baki aiki ya ɓaci. Tauri ma yana da iyaka, dalmar da aka cika wa antimoni takan farfashe, shi ya sa ya fi kyau a saya daga kamfanonin da suka ƙware a wannan fanni, irin su Buffalo Bore da Underwood da Garrett da HSM da DoubleTap. Manyan kamfanoni ma sun shigo, Federal tana da nata mai suna Solid Core. Idan ka ga haruffan GC, ana nufin an sa wa gindin harsashin ɗan murfin jan ƙarfe don zafin albarushi kada ya narka dalmar ta shafe cikin bututu.

Na biyu shi ne na tsantsar jan ƙarfe, irin Xtreme Penetrator na kamfanin Lehigh Defense, wanda Underwood take ɗurawa. Ya fi dalma rashin nauyi, don haka ya fi gudu, shurinsa da sauƙi, ba ya shafe bututu, kuma fistol takan ci shi lafiya saboda siffar bakinsa. Yana da tsada. A Kalifoniya, inda tun 1 ga Yuli 2019 aka hana farautar kowace dabba da harsashin dalma, shi ne zai raba ka da dogon bayani da masu gadin daji.

Na uku shi ne mai buɗewa a hankali, mai kaurin riga, irin XTP na Hornady ko A-Frame na Swift. Idan mai nauyi ne, a girman harsashi na .357 ko 10mm ko .44, ya wadatar ga baƙar beyar da zakin dutse da aladen daji. A ƙasar girizili ba zan zaɓe shi ba.

Wasu suna cuɗa iri biyu a gidan harsashi ɗaya, wai ko wanne ya zo an shirya masa. Ban goyi bayan haka ba. Kowane iri da inda yake faɗawa da irin shurinsa, kuma a lokacin firgici ba za ka tuna wanne ke kan layi ba.

## Girma da nauyi

Ana auna nauyin harsashi da giren. Giren 7,000 ne laba ɗaya, giren ɗaya kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a kowane girma, ka nufi ɓangaren masu nauyi. Harsashi biyu masu faɗi ɗaya, wanda ya fi nauyi ya fi tsawo, kuma ya fi riƙe ƙarfinsa a cikin nama.

Wanda aka fi sani da wannan aiki shi ne .44 Magnum, wanda Elmer Keith ya matsa wa Smith & Wesson da Remington har suka fito da shi a tsakiyar shekarun 1950. Na yau da kullum giren 240 ne, na beyar kuwa giren 300 zuwa 320. Buffalo Bore tana da mai giren 305 da take cewa yana fita da gudun ƙafa 1,325 a daƙiƙa. Ga wanda ya saba da libarba mai nauyi, wannan zaɓi ne da ba a jayayya da shi. Sai dai a san cewa ƙarfinsa bai kai rabin na doguwar bindigar farauta ta .30-06 ba. Babu ƙaramar bindigar da ke kayar da beyar da ƙarfin duka. Abin da ke tsayar da ita nan take shi ne a sami ƙwaƙwalwa ko laka, ko a karya ƙashin da take tafiya a kansa.

A sama da shi akwai .454 Casull da .460 da .500 na Smith & Wesson, na ƙarshen ya fito a 2003. Suna da ƙarfi ƙwarai, amma mutane kaɗan ne suke iya yin harbi na biyu da su cikin lokaci. Wanda bai yi shekaru yana harba manyan libarba ba, ba na ba shi shawarar ya fara da nan.

10mm Auto, wanda ya fito a 1983, shi ne ya karɓe kasuwa a 'yan shekarun nan. Dalili a fili yake: fistol irin Glock 20 tana ɗaukar harsashi 15 a gida ɗaya, ba ta da nauyi, shurinta kuma mutum matsakaici yana iya sarrafa shi. Rundunar Sirius ta Denmark, masu sintiri da karnuka a arewa maso gabashin Greenland inda farar beyar take, ita suke ratayawa. Nauyin da za ka nema giren 200 ne zuwa 220, mai gudun ƙafa 1,150 zuwa 1,200. Ka lura, harsasan 10mm da yawa da ke kan kanta an sassauta musu albarushi har sun kusa komawa .40, wanda bai kai shi ƙarfi ba, don haka ka karanta gudun da aka rubuta.

.357 Magnum, ɗan 1935, da dalma mai tauri mai giren 180, yana nutsewa fiye da yadda girmansa ya nuna, musamman daga bututu mai inci 4 ko fiye. Ga ƙasar baƙar beyar da zakin dutse ya isa har da ƙari, mutane da yawa kuma suna shiga ƙasar girizili da shi.

Sai 9mm, wanda shi ne a hannun yawancin mutane. A 2016 Phil Shoemaker, gogaggen mai jagorar farauta da kamun kifi a Alaska, ya kashe girizili da ta taso wa baƙinsa da fistol 9mm, da dalma mai tauri mai giren 147 ta Buffalo Bore. Labarin ya bazu, kuma yana nuna abin da ƙirar harsashi take iya yi. Yana kuma nuna abin da shekaru na sanin beyar da natsuwar hannu suke yi, wannan kuwa ba a sayar da shi a kwali. Ra'ayina shi ne, idan 9mm ce bindigar da kake da ita kuma kake harba ta da kyau, ka ɗura mata mai tauri na giren 147 ka tafi da ita tare da feshinka. Ta fi .44 ɗin da kake runtse ido kafin ka ja kunamarsa.

Game da macizai, akwai harsashi mai watsa ƙananan ƙwayoyi da kamfanin CCI yake yi. Ba ya aiki sai a tazarar mita biyu ko uku, kuma fistol ba ta cika juya shi da kanta ba. Macijin da ka gani daga mita uku, ja da baya ya wadatar. Kada ka bar wannan harsashi a layin farko a ƙasar beyar.

## Karanta kwali, ka karanta jikin bindiga

Hukumar SAAMI, ta masu ƙera bindigogi da harsasai, ita ce take kafa iyakar matsin wuta ga kowane girma a Amurka. Na 9mm shi ne 35,000 a ma'aunin psi, wanda aka rubuta wa +P kuma 38,500. Wanda aka rubuta wa +P+ ba shi da iyakar da hukumar ta kafa, kowane kamfani da nasa. Ka duba littafin bindigarka ka ga ko an yarda a sa mata +P. Wasu harsasan .45 Colt da .44 masu zafi an rubuta a kwalinsu sunayen bindigogin da za su iya ɗauka, galibi manyan libarban Ruger. In bindigarka ba ta cikin jerin, ajiye kwalin. Tsohuwar .45 Colt tana iya tarwatsewa a hannunka. Wasu masu nauyin kuma sun yi tsawon da ba sa shiga gangar kowace libarba.

Gudun da aka rubuta, a tambayi daga wane tsawon bututu aka auna shi. Libarba mai inci biyu da rabi, irin Alaskan ta Ruger, tana da daɗin ratayawa amma tana asarar gudu, ga ƙara da walƙiya.

Masu Glock su san cewa kamfanin yana gargaɗi kan dalmar da ba ta da riga, saboda irin tsagar cikin bututunsa. Mutane suna bi ta hanya uku: su sayi wani bututu mai tsaga ta gargajiya, ko su zaɓi dalma mai shafen roba, ko na jan ƙarfe. Ko wacce ka bi, ka wanke bututu bayan kowane atisaye.

## Gwaji kafin tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sayi kwalaye da dama na iri ɗaya, tun da galibi guda 20 ne a kwali, ka ware rana a filin harbi da abin toshe kunne da tabarau.

In fistol ce, abu na farko shi ne ko tana ci. Faffaɗan baki da ke aiki a jikin dabba shi ne kuma yake tokarewa a hanyar shiga bututu. Ka cika kowane gidan harsashi da za ka tafi da shi har baki, ka harbe shi duka. Ka gwada da hannu ɗaya, ka gwada da hannun hagu, domin fistol takan cije in wuyan hannu ya saki, kuma wanda dabba ta kayar ba ya samun riƙo mai kyau. Ni a ganina sai iri ya wuce guda 50 zuwa 100 bai cije ko sau ɗaya ba kafin a amince da shi. In ya cije, ka sauka daga giren 220 zuwa 200, ko ka sauya kamfani.

In libarba ce, matsalarta dabam. Idan bindigar ba ta da nauyi kuma harsashin yana da nauyi, irin 329PD ta Smith & Wesson da ba ta kai kilo ɗaya ba, shurin kowane harbi yana fizgo kan sauran harsasan daga kwansonsu kaɗan-kaɗan, har ɗaya ya leƙo ya hana ganga juyawa. Daga nan bindiga ta mutu. Gwajin shi ne: ka ɗura shida, ka yi wa ɗaya alama, ka harba biyar, ka ciro mai alamar ka jera shi da sabo. Ka mayar da shi ka sake harba wasu biyar. In ya ƙara tsawo har ido yana gani, wannan iri ba na bindigarka ba ne. In kana atisaye da .38 a libarbar .357, ko .44 Special a ta .44 Magnum, ka goge ramukan ganga sosai, domin gajeren kwanso yana barin zoben dauɗa da ke hana dogon shiga.

Sa'an nan ka dubi takarda. Ramuka su kasance zagayayyu. In ka ga rami mai tsawo kamar harsashin ya shiga a kwance, bututunka ba ya murza wannan nauyi yadda ya kamata, kuma abin da ya tashi a karkace ba zai nutse a miƙe ba. Ka dubi inda yake faɗawa, domin mai nauyi yakan faɗa sama da mai sauƙi, musamman a libarba. Ka gyara saiti da wanda za ka tafi da shi.

Gwaji na ƙarshe kai ake gwadawa. Ka maƙala farantin takarda mai faɗin santimita 20 a mita 7, ƙasa-ƙasa daidai gwiwa zuwa ƙugu, tun da beyar da ƙafa huɗu take tahowa. Ka goya jakarka, ka sa rigar sanyi da safar hannu, ka zaro daga kube ka yi harbi uku, in filin ya yarda da zaro. Wani ya riƙe maka agogo. In harsashi uku ba sa shiga faranti cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu, ka sauka zuwa iri mai sauƙin shuri ka sake. Mafi nauyin da ka ci wannan gwaji da shi, shi ne naka. Don rage kashe kuɗi, ka yi yawan atisayenka da mai arha mai kusan nauyi ɗaya, ka rufe kowace rana da na gasken.

## A hanya da a zango

A jirgin sama, bindiga tana tafiya ba harsashi a cikinta, a akwati mai tauri mai kulle, a kayan da ake aunawa, kuma sai an sanar da ma'aikata. Harsashi yana cikin kwalinsa, kamfanoni da yawa sun ƙayyade kilo 5. Feshin beyar ba ya hawa jirgi ko kaɗan, a can za ka saya.

Kuben ƙirji ya fi na ƙugu, domin ɗamarar jaka tana rufe ƙugu. Bindigar da ke cikin jaka ba ta da amfani ga abin da ke cin mita 15 a daƙiƙa. Ka kiyaye harsashi daga ruwa da mai. Man bindiga in ya yi yawa yana iya tsiyaya ya kashe ɗan maɓallin wutar da ke gindi. Mai farin kwanso ya fi jure laima. Harsashin da aka yi ta turawa cikin bututu ana cirowa, kansa yakan nutse cikin kwanso, matsin wuta ya hau, don haka in ka ga ya gajarta ka cire shi. Bayan kowace kaka, ka harbe waɗanda ka yi yawo da su ka ɗura sababbi.

Abinci da shara da man goge baki su kwana nesa da tanti da kimanin mita 90, a cikin gwangwanin da beyar ba ta iya buɗewa, ko a rataye mita uku sama da ƙasa. A inda akwai yara, bindiga ba ta barin jikinka sai zuwa akwati mai kulle.

Harsashin da aka ƙera ya ratsa beyar zai ratsa tanti da wanda ke cikinsa. A 2011, a kan iyakar Montana da Idaho, wani mafarauci ya rasu da harsashin abokinsa da ke ƙoƙarin ceto shi daga girizili. Ku zauna tun kafin dare ku san inda kowa ya kafa tantinsa, da wanda ke riƙe da feshi, da wanda ke riƙe da bindiga. Ba a harbi a kan motsi ko ƙara a cikin duhu, sai fitila ta nuna abin da ke gabanka. Kuma sau da yawa beyar takan taso ne ta yi barazana, ta tsaya ko ta kauce kafin ta iso.

In ta kai ga an yi harbi, akwai abin da doka take jira daga gare ka. A jihohin da ke kudu da Kanada, girizili tana cikin dabbobin da dokar tarayya take karewa tun 1975. An yarda mutum ya kare ransa ko na wani, amma dole ya kai rahoto cikin kwana biyar, kuma za a yi bincike. A Alaska ana sanar da hukuma nan take, a feɗe fatar da faratanta, a cire ƙoƙon kai, a miƙa su ga jiha, a kuma rubuta rahoto cikin kwana 15. Kariyar dokar ba ta hawa kan wanda sakacinsa da abinci ko shara ne ya jawo dabbar. In ta gudu da rauni, kada ka bi ta cikin ƙurmi. Ka yi wa wurin alama, ka kwashe mutanenka, ka faɗa wa masu gadin daji inda ta nufa, domin akwai wasu masu tanti a kan hanyar.